Madubin Kwanar Gidanmu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba kuma ba na son ta huce, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, masu ababen hawa da masu tafiya a ƙasa rasuwar babban madubin nan mai zagaye da ke tsaye a kwanar gidanmu. Rai ya yi halinsa ranar Talata, ƙarfe takwas da kwata na safe, yana bakin aikinsa. Shekararsa bakwai a duniya. Ba jinya ce ta ɗauke shi ba. Kashe shi aka yi, kuma na san wanda ya kashe shi, har da lambar motarsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, titin da ke gangarowa daga sababbin gidaje yana karya kwana daidai ƙofarmu, kuma doguwar katangar kantin kayan gini ta tare gani. Mai tahowa ba ya ganin mai tsallakawa, mai tsallakawa ba ya ganin mai tahowa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya shekara talatin yana koya wa mutane tuƙi, ya gaji da fitowa a guje ba takalmi duk sanda ya ji ƙarar birki. Shi ya sayo madubin, shi ya haƙa ramin, ya kwaɓa siminti, ya kafa ƙarfen. Yini guda ya tsayar da ni a tsallake yana juya shi kaɗan-kaɗan, yana tambaya ko ina hango saman gangara, sai da na ce ina hangowa sannan ya ɗaure notin ƙarshe.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai yi masa kyakkyawar shaida. Bai taɓa yin fashin aiki ba, bai taɓa neman hutu ba. Ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, tsuntsaye sun ci zarafinsa, bai kai ƙara ba. Ba ya bambanta babba da yaro: kowa ya tsaya gabansa sai ya ba shi ƙaton kai da gajerun ƙafafu, ko da kuwa mai muƙami ne. Mata sun gyara ɗauri a gabansa, samari sun taje suma, wani zakaran maƙwabta ya shekara biyu yana neman sa da faɗa daga kan katanga, duk ya haƙura. Ya ga wanda ke fita daga gidan da ba nasa ba, ya ga wadda ke cewa ta tafi asibiti alhali ta yi hanyar kasuwa, amma bai taɓa kai gulma ba. A nan muka yi kama da shi. Mu biyu masu kallo ne, ba masu magana ba.

Maganarsa duka-duka biyu ce. Idan iska ta taso yakan ce “ƙiii… ƙiii,” kamar tsoho mai miƙewa daga kujera. Idan ina goge masa fuska da tsumma kowace safiya, yakan ce “tsit, tsit,” wanda na ɗauka godiya ce.

Ba za a cika tarihin marigayin ba sai an ambaci littafin da ke ajiye a tagar ɗakina. Baba ne ya fara shi. Duk haɗarin da aka yi a kwanar nan, babba ko ƙarami, sai ya rubuta rana da lokaci da irin abin hawa, sannan ya sa hularsa ya raka masu haɗarin ofishin 'yan sanda, suna so ko ba sa so, a shigar da shi cikin rajista. Mutane sun yi ta ce masa mai neman magana. A shekararsa ta ƙarshe ya rubuta goma sha biyu, kwamitin kiyaye haɗurra na garin nan ma ya bayyana goma sha biyu. Daga nan littafinmu da na kwamiti ba su sake haɗuwa ba.

Da Baba ya rasu na ci gaba da rubutun, domin ƙididdiga na karanta a jami'a, kuma tagata tana kallon madubin. Abin da ban iya ba shi ne raka mutane ofis. Ni da ko kuɗin canjina mai shago ya manta sai in tafi ba tare da na tuna masa ba. Sai garin ya koma ga hanyar da ya fi so: a yi karo, a fito, a zagaya motoci ana riƙe baki, dattijo ɗaya ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ya ce tunda ba a rasa rai ba a gode wa Allah, a yi musabaha, a ce a bar maganar a nan. Ana barin ta kuwa. Wanda ya karye a kai shi wurin mai ɗori, mota a kai ta gareji, rajista tana can a rufe.

Shekara ta farko bayan Baba, kwamiti ya ce bakwai, littafina ya ce goma sha biyar. Ta biyu, suka ce uku, na ce goma sha tara. A wannan shekarar ce shugaban kwamitin, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya tsaya a ɗakin taro ya ce tunda haɗari ya ragu da fiye da rabi, tudun rage gudu da ke saman gangara ba shi da sauran amfani, sai ɓata wa mutane motoci. Kowa ya san motar da tudun ke gogar wa ciki. Aka zo da katafila aka baje shi. Shekara ta uku suka ce ɗaya, na ce ashirin da huɗu. Bana suka ce babu ko ɗaya. Zuwa safiyar Talata ina da ashirin da bakwai. Haɗari bai ragu ba a garin nan. Mai kai rahoto ne ya mutu.

Sau biyu na je taron kwamiti da littafin a jaka. Sau biyun na ɗaga hannu har ya kai kafaɗa, da Ciyaman ya waiwayo sai na wayance da gyaran mayafi. Ina faɗar wannan ne don kada a ce na wanke kaina. Ina da kaso cikin jinin marigayin.

Tun da aka cire tudun lafiyarsa ba ta sake daidaita ba. Wata motar yashi ta goge shi ta bar masa tsaga a kunci. Wata bas ta karkatar masa da wuya, har sai da mai faci na bakin kwana ya hau kan tayoyi uku ya miƙar da shi. Wani mara tausayi ya manna masa tallar maganin ƙiba a tsakiyar goshi, na kwana biyu ina kankarewa da ruwan ɗumi. Duk da haka yana aiki. Ummata, wadda gwiwa ta hana ta sauri, tana tsallaka titin nan sau biyu kullum zuwa shagon ɗinkinta, kuma ba ta taɓa sa ƙafa a kwalta ba sai ta ɗaga kai ta nemi izininsa.

Haka ta yi ranar Talata. Ta duba, ya nuna mata hanya fayau, ta sauka. Tana taku na uku ta sake ɗaga kai, kamar yadda Baba ya koya mata, sai ya nuna mata baƙar mota ta gangaro kamar an jefo ta. Ta ja da baya ta faɗi zaune a kan dakali. Motar ta bi ta kan takalminta na hagu da ya saɓule, ta kasa shan kwana, ta nufi marigayin gadan-gadan. Ina tsaye a taga da tsummansa a hannu. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “tasss,” sannan wani ɗan “ƙiii” da ƙarfen ya yi yana durƙusawa.

Wanda ya fito daga motar, waya na manne da kunnensa, Ciyaman ne. A kujerar baya akwai ƙaton kyalle da ya karɓo daga wurin masu buga takardu, an naɗe shi amma ana iya karanta farkonsa: SHEKARA GUDA BABU HAƊARI. Shi za a rataya a bikin da kwamiti ya shirya ranar Asabar.

Aka taru, aka zagaya mota, aka riƙe baki. Kawuna, ƙanen Umma, ya iso yana gyara zaman riga, domin ya daɗe yana neman hanyar gaisawa da Ciyaman hannu da hannu, ga shi Allah ya kawo masa shi har ƙofar gida. Ya ce tsautsayi ne. Ya ce yaya ba ta ji ciwo ba, tsoro ne kawai. Ya ce manya ba a kai su ofis. Aka yi musabaha a kan gawar marigayin, ana taka ta tana ƙara. Ciyaman ya hango ni a bakin ƙofa ya yafito ni.

“'Yata, ke da kika yi karatu kin fi kowa sani. Gilashi ai ba ya shiga lissafin haɗari.”

Kun san me na ce masa? Na rusuna na ce, “Sannu, Baba. Allah ya kiyaye gaba.” Har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji harshena ya fita.

Da aka janye motar na ɗauko tsintsiya. A ƙarƙashin tarkacen, kife a gindin ƙarfen, na tarar da abin da marigayin ya riƙe bai saki ba: lambar gaban motar, ta lanƙwashe amma kowane harafi yana nan. Na ɗaga kai muka haɗa ido da mai faci. Ya mai da kansa kan tayar da yake dubawa, ya ce shi dai idonsa na kan aikinsa, amma da yana da jaka babba irin tawa, da ya san abin da zai sa a ciki.

Da yamma Kawu ya dawo da saƙo biyu. Na farko, ko an tsinci wani ɗan ƙarfe. Na biyu, Ciyaman ya aiko da magajin marigayi: madubin banɗaki, faɗin tafin hannu biyu, mai bakin roba ruwan hoda, har da ɗan wurin ajiye sabulu. Umma ta juya shi gaba da baya, ta dubi takalminta da taya ta markaɗe, ta tambayi ƙanenta ko da ƙafarta na ciki shi ma sabulu za a aiko. Kawu bai zauna shan ruwa ba.

Ranar Laraba na je ofishin 'yan sanda ni kaɗai. Na wuce ƙofar sau uku kafin in shiga. Jami'ar da ke kan kanta ta ce in ɗaga murya, ba ta ji. Na ɗaga, ta ce har yanzu ba ta ji. Sai na ajiye lambar a gabanta, ƙarfen ya yi maganar da na kasa. Ta jawo rajistar, ta buɗe shafin bana, fari fat, ta ari birona domin nata ya bushe. Da hannuna na sa hannu a layi na ɗaya. Ta ce lambar za ta zauna a wurinsu har mai ita ya zo da kansa ya sa nasa hannun. Rana dubu ta ɓarawo, an ce, rana ɗaya ta mai kaya.

Marigayin ya rasu ya bar ƙarfe ɗaya a durƙushe, noti huɗu, biyu daga ciki sun ɓata, da tsumma wanda har yanzu yake neman fuskar da zai goga. Ya bar bokitin wankansa. Ya bar zakara ba abokin faɗa. Ya bar 'yan makaranta, masu tura baro, da tsofaffin unguwa, waɗanda yanzu suke tsallaka kwanar nan da kunne da addu'a. Ya bar Umma, wadda tun Talata take tsayawa a bakin titi ta ɗaga kai ta dubi inda babu kowa, sannan ta jira in riƙe mata hannu.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, lokacin da kwamiti ya sa wa bikinsa. Ba mu muka zaɓi lokacin ba, mun dai ga ya dace. Za a ɗauki gawar daga kwanar gidanmu, cikin kwalin da na shimfiɗa wa tsummansa, a taka a ƙasa zuwa ɗakin taro. Mai faci ne zai ɗauke ta. Na ware guda ashirin da takwas daga cikin tarkacen, kowanne da 'yar takarda mai ɗauke da rana da lokaci. Za a jera su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin manyan baƙi, ƙarƙashin kyallen nan, ni kuma in karanta daga littafin Baba. Na san muryata za ta yi rawa. Ta yi ta rawa. Umma ta ce duk inda na tsaya za ta ɗora, kuma ita ba a taɓa ce mata ta ɗaga murya ba. Zan kuma bar mayafina mai santsi a gida, don kada hannuna ya sami abin gyarawa.

Ana gayyatar duk wanda aka taɓa yi wa musabaha a kwanar nan ya zo da shaidarsa, ko tabo ne, ko sanda, ko fitilar da ta fashe. Iyali ba sa karɓar gaisuwar “tsautsayi ne.” Duk mai ita ya riƙe abarsa. Ba za a cike kabarin ba, ba kuma za a tashi daga zaman makoki ba, sai ranar da aka mayar da tudun saman gangara inda aka same shi.

Madubin banɗaki kuwa za a mayar wa mai shi a wurin taron. Za a jingine shi a gabansa, daidai tsayin fuska, domin idan na kai ga na ashirin da takwas kada ya sha wahalar waiwaye yana neman ko wane ne.

Masu zuwa ta'aziyya su tsallako a hankali. Babu mai duba muku hanya.

Sanarwa daga 'yar wanda ya kafa shi, a madadin mahaifiyarta da takalminta ɗaya da ya rage.