Ranar da muka yi rawa don an ci mu

Jama'a, jiya ni da furfurata na yi rawa a bakin fili har takalmina ɗaya ya ɓata, na dawo unguwarmu Karantina ina ɗingishi. Kun san murnar me? An zura wa yaranmu ƙwallo. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari in faɗa muku yadda manya suka koya mana wannan ilimi.

Gurbi ɗaya tak Jidda take da shi a wasan ƙarshe na kwalejoji da za a yi a Riyad. Yaran kwalejin sana'a ta unguwarmu kuwa bana ba wanda ya ci su. Maƙwabcina Ɗan'azumi mai sayar da ful, wato dafaffen wake, shi ke horar da su, ɗansa Othman ke tsaron gida, kuma tun da aka fara gasar ƙwallo ba ta taɓa ragarsa ba. Har 'yan unguwa sun fara tambayar ko ana sanyi a Riyad.

Sai Masu Girma Iyayen Tebur, masu zaɓen ƙungiyar da za ta tafi, suka zauna ƙarƙashin fanka, suka sha gahawa, suka jera ƙungiyoyi. Na ɗaya: kwalejin 'ya'yan masu motoci ta arewacin gari, wadda 'yan Bakin Teku suka lallasa. Mu na uku.

Muka ɗauki ƙafa, ni da Ɗan'azumi, muka je gaban shugabansu, Ranka-ya-daɗe Sarkin Kujera. Bawan Allahn nan bai taɓa zuwa filinmu ba, kuma ban ga laifinsa ba, motarsa ta fi lungunmu faɗi.

"Ranka ya daɗe, mun cinye kowa fa," in ji Ɗan'azumi.

"Ya shehi, waɗanda kuka ci ai raunana ne."

"Me ya nuna rauninsu?"

"Ba ga shi kun ci su ba?"

Na ce, "To su 'yan arewa da aka ci fa?"

Ya dube ni da tausayi. "Wannan faɗuwa ce mai daraja. 'Yan Bakin Teku ne suka kayar da su, a nan muka ga halinsu. Ku ba ku taɓa faɗuwa ba, ta ina za mu san halinku? Halas, shi ke nan."

Allahu akbar! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

A hanya Ɗan'azumi ya tsaya cik gaban wani jaki mai dakon ruwa. "Maƙwabci, wasanmu na ƙarshe da wa?"

"Da 'yan Bakin Teku."

"To yalla, mu je! Mu ma mu samo tamu faɗuwar mai daraja."

Na rantse muku a lokacin maganar ta yi mini daɗi. Othman ne kaɗai ya ƙi. Ya ce, "Baba, hannuna ba zai yarda ba." Uban ya ce masa, "Riyad kake so ko hannunka?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya bar gurasarsa ta tamis a faranti bai ci ba.

Ashe faɗuwa ma aiki ce. Yaranmu suka yi ta miƙa wa abokan hamayya ƙwallo kamar masu rabon dabino, su kuma suna dokawa sama don tsoron Othman. Sau biyu ya manta ya cafke, uban yana ihu, "Sake ta, don Allah!" Dab da tashi aka bugo wata lagwaniyar ƙwallo wadda ko Dela mai wainar bakin masallaci za ta tare da zaninta. Othman ya sa hannuwansa a baya, ya rufe ido. Ta gangara ta wuce shi. Nan Karantina ta ɓarke da guɗa, alƙalin wasa ya tsaya da usur a baki yana kallonmu, nan kuma takalmina ya tafi.

Yau da hantsi muka taru a shagon ful, aka ƙure rediyo. Iyayen Tebur sun yanke hukunci: 'yan Bakin Teku ne za su tafi Riyad, saboda sun kayar da "gagarumar ƙungiyar Karantina, wadda ba a taɓa ci ba, mai tsaron gidanta kuwa babu kamarsa a Jidda."

Ludayin ya tsaya a hannun Ɗan'azumi. Mun ga hadari mun zubar da ruwan tulu, a garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama ba. Wallahi raina ya ɓaci, amma na Othman ya fi ba ni tausayi. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi tafukan hannunsa, ya ce, "Baba, ka ji sun ce babu kamata. Da ka bar ni na kama."

Uban ya jawo faranti. Ya zuba masa ful ya ƙara mai, ya juya baya yana goge tukunyar da ba ta da datti.

Ni dai ina miƙa godiya ga Masu Girma, sun yabe mu a rediyo karon farko. Wanda kuma ya tsinci takalmin hagu a bakin fili, ya riƙe shi da kyau. Ɓata ne mai daraja.