Ofishin Tanimu Dillali

Ni ban yi boko ba, kuma ba na son wasa da gaskiya, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗa muku. Tanimu ɗan ƙanena ne, shekara ashirin yana dillancin gidaje da filaye a Funtuwa. Duk tsawon shekarun nan ofishinsa benci ne a gindin bishiyar darbejiya, kusa da mai faci. Kwatsam hukuma ta ce daga bana duk dillalin da ba shi da lasisi kada a sake ganinsa yana nuna wa mutane gida. Tanimu ya cike takardu, ya ɗauki hoto, ya kai shaidu biyu. Abu guda ya rage: wai sai ma'aikaci ya zo ya ga ofishinsa da idonsa, mai ƙofa da rufi. Idan babu, babu lasisi, kuma mutum ne mai iyali tara.

To, ina da wani shago a bakin titi da na ba shi ya nemo mini ɗan haya, wata huɗu ke nan bai samo ba. Sai ga shi ya zo ya durƙusa.

“Goggo, ki ara mini shagon nan na wuni ɗaya.”

Na ce, “Aro na ba ka. Amma zan zo in zauna, kuma duk wanda ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa.”

“Ba wanda zai tambaye ki, Goggo. Ki dai riƙe carbinki.”

Ranar Talata ya share shagon, ya kawo tebur da kujeru biyu daga gidan surukinsa, ya rataya kalanda, ya manna allo a ƙofa da sunansa. Ni kuwa na shimfiɗa tabarmata a gefe. Da hantsi ma'aikacin ya iso, wani dogo mai tabarau, da fayil a hammata. Ya gaishe ni da ladabi, ya dubi rufi, ya dubi taga, ya fara rubutu. Har ya kusa sa hannu, sai ya ɗaga kai ya ce kamar da kansa yake magana:

“Wurin nan kuwa ya yi kyau. Irinsa uwargidana ke nema ta sa kekunan ɗinki.”

Na ga kunnen Tanimu ya motsa. Na yi gyaran murya, bai ji ba. Na sake yi har da tari, ina! Ya riga ya miƙe.

“Yallaɓai, ai ka zo gida! Dubi ƙofar nan, ƙarfe ne zalla. Damina uku ko ɗigo bai taɓa yi ba. Ga makarantar 'yan mata can, ga gidan biki a baya, ɗinki sai ta gaji. Keke nawa ne da ita?”

“Uku.”

“Huɗu ma za su shiga! Taka ka gani.”

Bawan Allah nan ya ajiye fayil, ya shiga auna ɗaki da ƙafa, daga bango zuwa bango, yana cewa nan teburin yanka, nan madubi. Tanimu na biye da shi yana janye kujeru.

“Kuma ka yi sa'a, babu kowa a ciki. Ga ma mai shagon nan zaune, yau ka so, yau za ta ba ka makulli.”

Sai ma'aikacin ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Ya dube ni. Na ce, “Nawa ne, ɗan nan. Aro ya yi.”

Ya ɗauki fayil ɗinsa, ya gyara tabarau, ya haɗe fuska.

“Malam Tanimu, ashe ba ka da ofis. To faɗa mini, da wace hujja zan rubuta cewa ka cancanci zama dillali?”

Tanimu ya ce, “Yallaɓai, kai da aka aiko ka duba ni, ga ka nan kana auna wa matarka wurin madubi. Rubuta wannan kawai.”