Gurbin da Nomau Ya Ƙi Cikewa

A garinmu akwai wani gida mai mutum uku: Inna Dije, da babban ɗanta Sallau, da ƙaninsa Nomau. Nomau ya haura talatin, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Sallau kuwa ya karanci kwamfuta, shi ya rubuta manhajar wayar da ɗakin shan maganinmu ke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki. Aibinta ɗaya: in ta iske gurbin da ba a cike ba, sai ta rufe kanta. Ana cikin gyaran manhajar, sai babur ya karya wa Sallau hannu, dole Nomau ya zama yatsunsa.

Wata rana Sallau ya ce, "Sa mata alamar da za ta ɗauka gurbin a cike yake." Nomau ya bi kowane layi ya sa. Ranar kasuwa manhaja ta miƙa hannu inda ba komai, ta faɗi warwas. Matan da suka tako daga ƙauyuka suka koma da 'ya'yansu ba a duba su ba.

Wata rana kuma Sallau ya ce, "Duk inda ba komai, ta rubuta 'babu'." Nomau bai tsallake ko ɗaya ba, har gurbin maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Aka kawo Jibo maƙeri da ciwon ƙafa. Hajo mai allura ta duba waya, waya ta ce babu, alhali ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ta yi masa allura, kafin la'asar wuyansa ya kumbura. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Sallau ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya daka wa ƙaninsa tsawa: "Abin da ba a sani ba, a ce ba a sani ba, a tsaya nan!" Nomau ya rubuta haka. Manhaja ta koma jaki, in ta toge ba mai ɗaga ta. Layi ya yi tsawo, Hajo ta dinga tsine wa Nomau.

Wata rana aka kinkimo Inna Dije, zazzaɓi ya kayar da ita, 'ya'yanta biyu na biye. Hajo ta zuƙo allura, waya ta ce, "Ban sani ba," ta cije.

"Nomau, buɗe mini abin nan! Uwarka ce fa!"

"Yaya ya ce a tsaya."

Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta girgiza tsohuwar. "Inna, an taɓa yi miki wannan allura?"

Inna ta buɗe ido da ƙyar, ta ji sunan maganin. "Ita ta kusa kashe ni, shekarar da na haifi Nomau."

Hajo ta ajiye allura. Sallau ya sulale ya zauna a ƙasa. Nomau ya matso da kwamfuta a hammata.

"Yaya, na sake ɓatawa ko? In gyara?"

"Kul," in ji Sallau. "Kada ka taɓa."