Wutar Gidan Gunn Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ya ma fi baƙin cikin yawa a cikinta, Ishbel Gunn ta bakin tekun Sutherland, a ƙasar Scotland, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, amma a kunne, rasuwar wutar murhun gidansu. Marigayiyar ta cika ranar Lahadin da ta wuce, cikin kakar 1868, ba kowa a kanta.

Babu mai rai da ya san ranar da aka haife ta. Abin da aka sani, ranar da yaran mai ƙasa suka kori mutanen kwari don a zuba tumaki, kakar Ishbel ta bar gado da kwanuka, ta kwashi garwashi a tukunyar ƙarfe, ta taka da shi har bakin teku tana hura masa baki. Tun daga ranar marigayiyar ba ta taɓa fashi ba. Kullum da yamma a lulluɓe ta da toka ana addu'a, da safe a tone a same ta da jan ido.

Mai haƙuri ce, ba ta da tsirfa. Abincinta busasshiyar ƙasar fadama, irin wadda ake yankowa ta ci wuta kamar itace, kuma ba ta taɓa neman gawayin birni ba. Ita ta ɗumama ruwan wankan jegon duk ɗan Gunn. Shekarar da dankali ya ruɓe a gona ta ci gaba da ci ƙarƙashin tukunyar da ba komai cikinta, don yara su sa rai. Ita ta busar da rigar mahaifin Ishbel, da teku ta mayar da rigar ta riƙe mai ita. Ba ta da surutu, sai dai ɗan tsaki, "tsss," idan ruwan sama ya ɗigo mata.

Ajalinta ya zo ranar babban taron coci. Ƙasar da ke cikin ɗaki ta ja sanyi, busasshiyar kuwa tana rumbu a waje, kuma ba ɗan mutuncin da zai yi dako ranar Lahadi, ranar da aka haramta aiki, a idon dattawan coci. Ishbel ta ba wutar jiƙaƙƙiyar, ta tafi coci. Mai wa'azi kuma ya sami bakin magana, ya yi ta kwatanta wutar lahira, ta duniya tana can tana shure-shure. Da Ishbel ta dawo ta tura hannu cikin toka har wuyan hannu, ta ji sanyi ƙalau. 

Marigayiyar ta bar tukunyar da ta goyo ta, da butar shayi, da kyanwa ɗaya da ta rasa wurin kwana. Ta kuma bar Dolina Gunn, mahaifiyar Ishbel, makauniya, wadda ta shekara tana faɗa wa duk mai saurare cewa ita da wutar nan rana ɗaya za su tafi. Tsohuwar tana barci sa'ad da abin ya faru. Ishbel ta ƙyasta ashanar kanti, a ranar Lahadin kuwa, ta tayar da wata baƙuwar wuta a gurbin. Har yau ko tari uwar ta yi sai Ishbel ta taso a guje.

Za a binne tokar ranar Alhamis da hantsi a bayan rumbu, ba waƙa, ba kuka. Masu zuwa su shigo kamar ziyara, su miƙa hannu ga baƙuwar, su yaba ɗuminta yadda suka saba. Domin jiya da safe tsohuwar ta daɗe da tafukanta a kan murhu, sannan ta nemi a buɗe akwati a shanya mata farin ƙyallen da ta saƙa wa ranar tafiyarta. Ishbel ta ce makullin ya ɓata. Don girman Allah, duk wanda tsohuwar ta tambaya, ya ce shi ma bai gan shi ba.