Tulun da Aka Bari a Kumasi

"...da hanya, amarya? Ya gajiya? Ya mutanen Gana? Sun ƙoshi da ke ne suka koro mini ke?"

Sylvanus ke nan, yana zuba gaisuwa tun daga bakin get, ko keke napep ɗinsa bai gama kashewa ba. Amaryar kuwa Kaka Asabe ce, kakarsa ta wajen uwa, wadda ta goye shi tun yana rarrafe bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ni maƙwabciyarsu ce a Unguwar Boro, ƙofata na kallon tasu, saboda haka ba laifina ba ne idan na ji komai.

Kaka ta je Kumasi jegon ɗiyarta Celina, wai wata biyu za ta yi, sai ga shi ta share rabin shekara. Celina kuma ta matsa mata lamba ta zauna can gaba ɗaya. Wannan magana ce ta ramar da Sylvanus. Ya taɓa ce mini, "Anti, tulun nan za ki duba. Idan ta dawo da shi, ta dawo ke nan. Idan ta bar shi can, kayanta ta zo kwashewa." Tulun da take kaɗa wa Zumuntar Mata a coci yake nufi, wanda ake buga bakinsa da soso yana cewa dum, dum. Ko ina za ta da shi take zuwa, Gana ma a cinya ta rungume shi har can. Yau ga ta zaune a kan tabarma da manyan jakunkuna uku, ni dai ban ga tulu ba.

Kaka ta ce, "Wa ya ƙoshi da ni? Kuka suka yi ta yi a tasha. Kai ne dai ka bushe kamar kifin banda. Miji ke nan, mata ta yi tafiya ya kasa dafa ko ruwan zafi."

"Azumin godiya na yi. Gida ya yi shiru, ba mai ce mini in rage rediyo."

"Azumin indomi dai. Na ga kwalayen a bayan ɗaki."

Ya durƙusa ya gaishe ta sosai, amma idonsa na kan jakunkunan.

"To a ba maigida tsarabarsa mana."

"Wane maigida? Ai na yi sabon miji."

"A shekarunki? Makaho ne ko kurma?"

"Kurma? Mutumin da ke jin maganar katako! Baba Joshua sunansa. Wani abin kiɗa yake yi irin kundung na mutanen Jos, amma shi duma yake ratayawa ƙarƙashin kowane katako, ba ƙaho ba. Zai gasa katakon a wuta, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya fere kaɗan, ya sake ƙwanƙwasawa. In ya fara bugawa sai ka ce ƙudan zuma ne suka shiga ƙwarya."

"Oh, kafinta ne da ya kasa haɗa benci."

"Kai da ka kasa haɗa ko budurwa fa?"

"Ina da mata a gida, me zan yi da budurwa? Haƙora nawa gare shi sef?"

"Biyu. Amma duka biyun sun fi naka fari."

Ni da ke tsince wake sai da na saki dariya. Sylvanus ya ja jaka ta farko ya zuge zif, wai yana taya ta. Zannuwa ne da man kaɗanya da busasshen barkono. Ya tura hannu har ƙasa, ya fito da shi babu komai.

"A ina kuka haɗu da wannan mai haƙori biyun?"

"A gidan biki. Ranar wata Asabar na fita sayen gawayi, sai na ji kiɗa. Ga rumfuna, ga kujeru, kowa ya sha ja da baƙi. Na ce yau ga ɗaurin aure na masu hali. Na ajiye ledar gawayin, na ɗaure ɗankwali a ƙugu, na faɗa fili na kwaso musu rawar garinmu."

"Da wannan gwiwar da nake shafa wa mai kullum?"

"Gwiwar ta warke da ta rabu da ganinka. Aka buɗe mini fili, mata na ta guɗa. Da na gaji na ce a nuna mini amarya in yi mata barka. Sai aka kama hannuna aka kai ni gaban wani ƙaton hoto. Wani tsoho ne. Shi ya mutu."

"Yesu! Kin je ƙasar mutane kin yi rawa a jana'izar wanda ba ki sani ba!"

"Matarsa ma rungume ni ta yi. Ta ce tun safe ba wanda ya karrama mijinta kamar ni. Har shinkafa da lemo aka haɗo ni da su."

"Wato kin ci abincin mamaci kin gudu."

"Ban gudu ba, na koma fili zagaye na biyu. A nan Baba Joshua ya bar katakonsa ya ce wace ce wannan yarinyar."

"Yarinya! Na faɗa miki makaho ne."

Ya ja jaka ta biyu. Kaka ta doke masa hannu, ta zaro wani siririn ƙyalle mai ruwan zinari da kore da ja, ta yafa masa a wuya.

"Kente ke nan. Maza ke saƙa shi, zaratan samari, da hannu da yatsun ƙafa, suna yi suna hira. Kai ƙafarka birki kaɗai ta sani."

"Birkin nan ne ya kai ki asibiti sau ba adadi. Su kai ki da zare mu gani."

"Ga wannan kuma." Ta ɗaga wata sarƙa ta manyan duwatsu masu launi. "Ka san da me aka yi? Fasassun kwalabe. A daka su a turmi su zama gari, a zuba a ƙananan ramuka na laka, a gasa. Da idona na gani, har taɓarya na karɓa na taya su. Na matarka ce, idan Allah ya sa wata ta yi kuskure."

"Ki sa abinki, ke ce kuskuren da na riga na yi."

"Marar kunya. Ni da aka yi layi a kaina a Zangon Kumasi."

"Layin masu karɓar barkonon da kika ɗebo musu ba."

Yana magana yana laluba jakar. Tsintsiya ce da takalman roba da wani dunƙulallen tuwon masara a cikin ganye. Na lura dariyarsa ta fara gajarta. Ya jawo ta uku, wadda ta fi girma, ya zazzage ta gaba ɗaya a kan tabarma. Kayan sawa ne kawai. Ya ɗaga jakar ya leƙa ciki kamar tulu zai iya maƙalewa a lungu.

"Amarya, ina tulun?"

"Wane tulu?"

"Kaka."

Rabon da in ji ya kira ta da wannan suna har na manta. Na ajiye faifan waken.

Ta ce, "Na bar shi can."

Ya ajiye jakar. Ya fara mayar da kayan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, yana ninkewa da kyau, abin da bai taɓa yi wa nasa kayan ba.

"To yaushe ne komawar? In san ranar da zan kai ki tasha."

Kaka ta dube shi ta ƙasan tabarau, ta daɗe tana dubansa.

"Ji sakarai. Wa ya ce ajiya na bari? Matan cocin su Celina ba su taɓa ganin ana kaɗa tulu ba. Ranar da na fara bugawa har faston ya sauko ya leƙa ciki, wai ko rediyo na ɓoye. Wata mata, Diana, ta maƙale mini sai da ta koya. Lahadin ƙarshe na kira ta gaban jama'a na ɗora mata shi a cinya. Celina na kuka, wai Mama bar shi a ɗakinki ya jira ki. Na ce ba mai jirana, kyauta na yi. Ka taɓa ganin na ba da abu a gaban coci na koma na karɓa?"

"Amma kin ce ƙasar da daɗi."

"Da daɗi mana! Ga kiɗa, ga mutanen kirki, ga kifi. Amma ba mai zagina, Sylvanus. Kowa sai durƙuso, Nana kaza, Nana kaza, wai kaka ke nan a yarensu. Babban yaron Celina, na ce masa zo nan mijina, ina kuɗin cefane? Sai ya fashe da kuka ya ruga ya gaya wa babansa wai kakarsa za ta aure shi. Aka zauna ana ba shi haƙuri! Rabin shekara ba wanda ya ce mini tsohuwa mai cin nama da dasashi. Ladabi ya kusa kashe ni."

Sylvanus ya buɗe baki, dariya ta fito tare da hawaye, ya goge da kenten da ke wuyansa.

"Kai! Kar ka fyace mini majina a kayan sarakuna!"

"Barkonon nan naki ne ya shiga mini ido."

"Barkonon da ke ɗaure a leda? Tashi ka ga." Ta muskuta gefe, ta zaro wani abu da ta ɓoye a bayanta cikin zane. Ƙaramin abin kiɗan nan ne na katako, da 'yan dumansa reras a ƙasa. "Inji Baba Joshua. Na ba shi labarinka, ya ce duk mutumin da ya iya zama da ni tun yana rarrafe ya fi ƙarfinsa. Ya ce ya janye."

Sylvanus ya ɗauki 'yar sandar bugun da ke tare da shi ya buga. Abin ya ce zzzum. Ya sake bugawa, kajin gidan suka watse.

"Allah ya sa Baba Joshua bai ji wannan ba," inji Kaka. "Ajiye, ka tayar da keken. Kasuwar Television za mu. Lahadi Zumunta na da waƙa, ni kuwa ba zan zauna ina tafi kamar baƙuwa ba. Miji ne ke yi wa mata sabon tulu."

"Na sallama, amarya, kin ci. Amma abeg, ni zan zaɓa."

"Kai da kunnenka bai san do daga re ba?"

"Ba ruwana da sauti. Ni na san abin da nake nema."

Da yamma na ji ƙarar keken, na leƙo. Tulun da ya sayo ya cinye kujerar baya gaba ɗaya, an ɗaure shi da igiya ta ko'ina, Kaka kuwa ta matsu a gaba kusa da Sylvanus, tana dukan kafaɗarsa.

"Randa ce wannan, ɗan banza! Wa zai iya ɗaukarsa?"

"Ni, duk Lahadi, daga nan zuwa coci. In ga motar da zai shiga zuwa Gana."