Rasuwar Wayar da Ta Tona Asirin Ɗaya ga Janairu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, Malama Saliha Iliyasu, mai noman tumatir a Kadawa, na sanar da rasuwar wayarta, wadda ta cika ranar Talata a cikin kanal ɗin ban-ruwa.

Marigayiya ta shekara bakwai a duniya. Fuska a tsage, baya ɗaure da roba, amma ba ta taɓa makara ba: ƙirrr da asuba, ƙit-ƙit idan ranar ban-ruwa ta zo.

Da ita aka gano ɓarakar da ke cikin manhajar rabon ruwa da wani kamfani ya kawo wa manoma. Ka ce ka manta lambar sirri, sai manhaja ta tambaye ka rana da watan haihuwa, shi ke nan ta buɗe. Jama'a, a Kadawa fa! Inda mai rajista ya rubuta wa kowa ɗaya ga Janairu don layi ya yi sauri! Ko akuya sai ta shiga shafin maƙwabci ta sauya masa ranar ruwa.

Kamfanin ya yi shelar tukuici ga duk wanda ya nuna masa aibi. Marigayiya ta kai rahoto sau huɗu, har da hotuna. Aka aiko wa Saliha, matar aure, hular hana-salla, da amsar cewa wannan ba aibi ba ne, ƙauyanci ne.

Bayan sati biyu wani ya shiga ya kwashe mata ranakunta uku na ruwa. Tumatir ya fara zubar da fure. Tana bakin kanal tana nuna wa mai tsaron ƙofar ruwa shaida, sai marigayiya ta suɓuce mata. Tsulum! Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Ta bar caja mai ciwon wuya, da layi biyu, da uwar ɗakin da ba ta yafe ba, kuma ba ta da niyya.

Babu wanka, ta sha ruwa isasshe. Za a binne ta ranar kasuwar Bunkure bayan la'asar, an riga an kama lasifikar mai tallar maganin basir. Masu ta'aziyya su zo da wayoyinsu cike da caji. Saliha za ta koya wa kowa hanyar shiga shafin maƙwabci, dalla-dalla, kyauta. Kowa zai mayar da ruwan maƙwabcinsa Laraba ƙarfe tara, lokacin da kamfani zai kawo manyan baƙi su ga aikinsa. Manomi ɗari huɗu, ƙofa ɗaya. Sai kamfanin ya zo ya raba.