Ciyawar da Kajin Iya Jummare Suka Cinye

"Lafiya lau, maigida, sai sanyi. Ya karatu? Ko da yake na ga alamarsa, wuyanka ya ƙara tsawo."

Iya Jummare ce ke amsa gaisuwar jikanta Abdurrahim a tsakar gidanta da ke Anguwan Rogo, tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwa. Shi kuwa ko durƙuson bai ƙarasa ba, idonsa na kan gwangwanayen madara da ya jera a gindin katanga tun farkon damina. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin tsirrai, kuma aikin da zai fitar da shi yana cikin gwangwanayen nan. Wato ya kamata a ce yana ciki. Abin da ke ciki dai baƙar ƙasa ce mai laima, an share ta tas kamar ɗakin da ake jiran baƙi.

"Iya, har yanzu ba abin da ya fito?"

"Ni ma tambayar da na tanadar maka ke nan. Safe da yamma ina ba ƙasar nan ruwa. Da akuya nake wa wannan hidimar, da yanzu ta haihu."

"Sau nawa ina sake zuba iri? Ƙasar ma daga Bukuru na ɗauko ta a buhu."

"Hannunka ne. Kakanka ma haka yake, Allah Ya jiƙansa. Ko albasa ya dasa sai ta yi ƙaura."

"Ko dai idonki ne, tsohuwa? Ke da in kin leƙa ƙwarya madara take tsinkewa."

"Ni? Ni da na sayar da nono kafin a haifi ubanka? Zan riƙe wannan maganar."

"Riƙe ta. Ni jibi malamina zai duba aikin. Ya ce in kawo shukar da ranta, da furenta. In babu, sai baɗi. Iri ya ƙare, bakin tsohon ramin kuzar da na samo shi kuma an nome wurin an zuba kabeji."

"Baɗi? Wata shekarar zan ƙara ina ciyar da miji marar sana'a? Ni dai na yi iya yina. Ba don ni ba ma, da ciyawa ta cinye maka gwangwanayen. Wata 'yar banza ce mai naci. In cire ta yau, in waiwaya ta dawo. Har tabarau nake sawa don kar ko ɗaya ta tsere mini."

Abdurrahim ya tsaya cak kamar wanda ya taka wani abu mai laushi, yana jira ya ji ko zai motsa.

"Iya, wace irin ciyawa?"

"Ciyawa har iri gare ta? 'Yar mitsitsiya. Ganyenta biyu-biyu suna kallon juna, kamar kunnen ɓera. Ba ta ma iya tsayuwa, sai ta kwanta tana bin ƙasa."

"Ita ce."

"Ita ce wa?"

"Ita ce shukar."

"Yauwa, abin da nake gaya maka ke nan. Ita ce ta hana shukar fitowa."

"A'a, Iya. Ita ce abin da na shuka."

Iya Jummare ta ajiye itacen da ke hannunta. Ta dubi gwangwanayen, ta dubi jikanta, ta sake duban gwangwanayen, ko za su fi shi bayani.

"Ka shuka ciyawa."

"Eh."

"Da gangan."

"Da gangan."

"Kuma malamin naka ya sani?"

"Shi ya ce in yi."

"To shi wa yake duba shi? Yaro, mu mun bi ciyawa da ƙafa, da shanu, da goyo a baya, daga nan har Mambila. Ban taɓa jin wanda ya tsuguna ya shuka ta ba. Ita ke zuwa da kanta. Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ce miki ki riƙa ba su ruwa kawai!"

"Ka ce in kula da su. Wace mace ce za ta ga ciyawa a gonar mijinta ta wuce? Unguwa ta ce na zama raguwa?"

"Ba kowace ciyawa ba ce. Wannan sanyi take so, da tudu, da ƙasa mai laima wadda aka riga aka tona. A ƙasashen Turawa ko'ina akwai ta. A nan kuwa sai wuri mai sanyi irin namu, in ka gangara ƙasar zafi da wuya ka gan ta. Damina ɗaya take yi, ta zubar da iri, ta mutu."

"Mai son inuwa, ba ta tsayuwa da ƙafarta, sai an nome wuri ta zo ta kwanta. Ai 'yar'uwarka ce. Meye sunanta?"

"Ban san mata suna da Hausa ba. Ina kika kai wadda kika cire?"

Iya ta nuna da haɓa. Kaji ne a gefen murhu suna tono, ƙosassu, gashinsu na sheƙi. Sun fi kowa a gidan alamar sun amfana da ilmin jami'a.

"Inna lillahi. Turawa ma ciyawar kaji suke ce mata."

"To ka gani. Na mayar wa masu ita. Kai ne ma ka shiga gonar kaji."

Abdurrahim ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Iya ta kalle shi na ɗan lokaci, ta ga ba ramawa zai yi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya iya magana. Ta sa tsumma ta sauke tukunyar da ke tafasa.

"Ɗaga ƙafarka in wuce. Bari in gama da ragowar, tun da ita ta jawo mana wannan bala'in."

"Wace ragowar?"

"Ta bayan randa. Wadda kaji suka rage nakan watsa can bakin rariya, inda ba sa iya kutsawa. Maimakon ta bushe sai ta kama, ta cika wurin. Har wani farin abu ta fitar don ta ba ni haushi. Yau dai ruwan zafi zai raba mu."

Ɗalibin da aka sani ba ya gudu ko ruwan sama ya tsuge, sai ga shi ya riga tsohuwa zuwa bayan randa, ya durƙusa a cikin caɓi ya ware hannuwa. Ciyawar tana nan shimfiɗe, koriya shar, ta yi fure farare ƙanana kamar an watsa gari.

"Iya, don Allah! Ajiye tukunyar nan!"

"Ikon Allah. Ɗazu kana kuka an cire ta, yanzu kana kuka ba a cire ta ba?"

"Ba kuka nake ba. Dubi furen! Ganyen furen biyar, kowanne ya tsage biyu."

"Goma ne."

"Biyar ne, tsagewa suka yi."

"Har ƙirgen ma sai baɗi. Matsa, hannuna ya gaji, kuma ka san idona ba kyau, madara ma tsinkewa take."

"Na janye! Idonki lafiya lau."

"Ban ji ba. Tururi ya toshe mini kunne."

"Idonki ya fi na kowa. Babu amarya irinki a Anguwan Rogo."

"Anguwan Rogo kaɗai?"

"Har Bukuru!"

Iya Jummare ta ajiye tukunyar tana dariya har tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙo masa tsohuwar fanteka da wuƙar yankan kuɓewa, ta ce ya kwashe da ƙasar duka, kar ya bar mata ko ɗaya. Yana cikin haƙa a hankali kamar mai cire ƙaya, ta shiga ɗaki ta fito da ƙwai a ƙullin leda.

"Ungo. Kai wa malamin naka. Ka ce masa rabin aikin ne, kaji sun riga sun duba."

Ya karɓa yana dariya, ya ɗora fantekar a ka, ruwan caɓi na ɗiga masa a wuya. Har ya kai zaure ta kira shi.

"Maigida! Su gwangwanayen in ci gaba da ba su ruwa?"

"Na me kuma, Iya?"

"To ita ainihin shukar, yaushe za ta fito?"